Malam Mai Fanka ya tafi, fankarsa tana juyawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ƙanin matarsa ya tsayar da keke a ƙofar shagona, ya ce Malam Ɗanjuma ya rasu. Da bakinsa ya kawo labarin, don wayoyin gidan duk sun mutu, tawa ma haka.

Malam ne ya koya mini aikin lantarki. Mutanen ƙauyen Miri Mai Fanka suke ce masa, saboda injin da ya kafa a gonarsa mai ba da wuta idan iska ta juya shi. Da altanetar tsohuwar mota, wato abin da ke cajin batir, da bututun roba ya haɗa shi.

Ran da na ƙona masa altanetar nan ina ɗan koyo, har na fara neman hanyar gudu. Dariya ya yi, ya miƙo mini ƙosai, ya ce, "Ci tukuna, Habu, sai mu ga abin da ka kashe."

Maganarsa ɗaya ce kullum. Ya ce duk yankin nan mun rataya a kan babban layin wuta mai zuwa daga nesa, idan ya faɗi, mu da jihohin maƙwabta sai mu shiga duhu tare. A jera manyan fankoki a tuddan da iska ke kaɗawa, a haɗa su da layin.

Ana ce masa ai iska ba kullum take kaɗawa ba. Sai ya ce, "Wa ya ce iska kaɗai? A haɗa da sola, babban layi ya cike sauran. Idan ɗaya ya kwanta, ɗaya na tsaye."

Ya yi yawon ofis-ofis har takalminsa ya cinye. A ƙarshe manya suka zo aza harsashin aikin fankokin. Rumfuna, kujeru, masu kyamara. Janareta suka yi haya don lasifika, a taron wutar iska fa. Malam kuwa can baya aka zaunar da shi, ko sunansa ba a kira ba.

Dutsen da suka aza yana nan, awaki ke kwana a jikinsa.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka dawo da shi gidan gado a Ƙofar Ran don ya yi kusa da asibiti. Likita ya ce kada ya rabu da na'urar oksijin, ita kuma sai da wuta.

Sai layin ya faɗi, kamar yadda ya sha faɗa. Kwana da kwanaki babu ko ƙyalli. Ƙaramin janaretan gidan ya yi ta aiki har ya ƙone. Kafin a samo na aro, numfashin Malam ya gagara.

Na san ajali ne. Kada wani ya zo comment ya koya mini tauhidi. Amma wallahi raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Sakaci sunansa sakaci.

Ku da kuka sha lemo a ƙarƙashin rumfar nan, na san anjima za ku zo gaisuwa da manyan riguna, ku ce an yi rashin haziƙi. Don Allah ku yi addu'a ku tashi. Yabon nan yana raye ya kamata ya ji shi, kuma ba yabo ya roƙe ku ba.

Ganina da shi na ƙarshe, ya janye abin hancin da ƙyar ya ce, "Habu, ka je ka sa wa fankar giris? Kada ku bari ta tsaya."

Na ce masa na sa. Ya gyaɗa kai, ya mayar da abin.

Ɗazu na hau babur na je Miri in sanar da maƙwabtansa. Tun daga hanya na hango fankar tana juyawa. Ƙwan ɗakinsa a kunne, mutane sun jera wayoyi a kan benci suna caji.

Wannan wayar da nake rubutu da ita, a nan na yi mata caji. Wutar da ta yi mini wannan rubutun, da ta isa ta riƙe masa na'urarsa.

Allah ya jiƙan Malam Ɗanjuma, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Inna da yara haƙuri. Jana'iza bayan azahar a Ƙofar Ran.

Duk wanda wayarsa ke da sauran cajin karanta wannan, ya taimaka ya yi masa addu'a.