Motar da Aka Kawo Mana a Kura

Shekarar da masaƙar da maigidana yake wa aiki a Bompai ta rage ma'aikata, har da shi aka sallama. Muna haya a Sharaɗa lokacin, ciki da falo da ɗan zaure, ina goyon ɗanmu na fari. Mutumin da ya saba fita da sassafe ya dawo da auduga har a gashin ido, sai ga shi zaune a tsakar gida yana gyara mini murfin tukunyar da babu abin da ya same shi. Tausayinsa nake ji, kuma ya ishe ni.

Labari ya kai ƙauyenmu can wajen Ringim. Babana ya aiko cewa in kaka ta yi babu aiki, zai zo ya tafi da ni da jikansa, mu zauna a gida kafin abubuwa su daidaita. Ba raba aure yake nufi ba, amma na san matan da aka kai gida a kan haka, har yau abubuwan ba su daidaita ba. Ni kuwa ba na son tafiya. Ina son mutumin nan, da shirunsa da taurin kansa duka.

Wata rana ya shigo da mai kura a bayansa, suka sauke wani dunƙulen ƙarfe kamar turmi a kwance, duk tsatsa, har da gidan zanzaro a jikinsa. Wajen 'yan gwangwan na Challawa ya samo shi.

Na ce, “Malam, wannan fa?”

Ya ce, “Mota ce.”

“To ina tayoyin?”

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce a masana'anta, abin da wuta ke shiga ya juya inji, mota suke ce masa, kuma wannan irin ta tsofaffin injinan saƙa ce, ta girme mu duka. Dutse zai ɗaura mata ya riƙa wasa wuƙaƙen mahauta da gatura da almakashin teloli a zaurenmu.

A kan tabarmata ta baƙi ya kwance ta. Farantin da aka yi mini jere da shi ya zuba wa notuna, ya wanke cikinta da kananzir ɗin fitilata. Na yi faɗa har na gaji, yana cewa “to, to” yana goge ƙarfe. Wayar cikinta ta ƙone ta gefe guda, sai da wani tsohon abokin aikinsa ya zo suka sake naɗa ta, suka shafe ta da banish, suka shanya a rana kamar kilishi. Amma na lura ya koma cin tuwo da kyau, har yana neman ƙari, sai na rage faɗan.

Ana cikin haka wata gwaggona mai kawo kuka da daddawa birni ta biyo gaisuwa. Ta tambayi maigidan, na ce yana can yana yawon neman boris na motarsa. Kalmar ta riga ta zauna mini a baki. Gwaggo ta ce “iye,” ta gyara lulluɓi, ba ta ƙara tambaya ba. Ita dama ba ta tambaya sau biyu, kada gaskiya ta ɓata mata labari.

Ranar da aka gama haɗa motar aka ba ta wuta, sai ta hau gurnani tana rawar jiki, ta ƙi juyawa. Ya kashe da sauri. Wai motar masana'anta wuta mai waya uku take ci, ta gida kuwa ba ta isa ta tashe ta daga kwance ba. Na ga fuskarsa a ranar, ban so na gani ba. Bayan kwanaki ya zo da dabara: a naɗa igiya a bakin ƙarfen da ke juyawa, a fizga da ƙarfi, tana cikin juyin sai a kunna. Makunnin yana jikin bango, igiyar kuma hannu biyu take so, don haka sai mutum biyu. Fizgar farko da na yi, zaman daɓaro na yi a ƙasa. A ta biyu ta ɗauka, da wata ƙara mai santsi da na ji har a ƙirjina.

An yanke gero, sai ga Baba da babbar rigarsa ta Juma'a. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, ya jingina sandarsa da motar, wadda ke rufe da buhu. Maigidana ya cire takalmi ya durƙusa. Ni ina bayan ƙofa.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, “An ce ba ka da aiki. An kuma ce ka sayi mota. Duk ƙauye an sani. To ta haɗa kayanta, ka kai mu gida a cikinta.”

Maigidana ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Baba, ai ga ta nan kusa da ku.” Ya miƙa hannu ya yaye buhun.

Baba ya dubi ƙarfen, ya dubi surukinsa. “Wannan ce motar?”

“Ita ce, Baba.”

“A ina ake zama?”

Dariya da kuka suka taso mini lokaci guda. Na san mijina, kunyar suruki ba za ta bar shi ya kare kansa ba, haka zai durƙusa har a tafi da ni. Ban jira an kira ni ba. Na fito, na gyara goyo, na ɗaure zane tamau, na naɗa igiya. Baba ya ce, “Ke, lafiya?” Na dubi maigidan, ya tashi ya kama makunni. Na fizga, ya kunna.

Baba ya ja da baya da shimfiɗarsa. Da ya ga abin ba zai yi tsalle ba, sai ya laluba aljihu ya miƙo 'yar wuƙarsa ta yankan farce. Maigidana ya ɗora ta a kan dutsen wasa, tartsatsi ya tashi. Baba ya karɓa ya gwada a gashin hannunsa. Can ya ce a kashe, a sake tayarwa. Muka sake. Wannan karon ni yake kallo, da tafin hannuna da jan igiya ya sa ya yi kanta.

“Kullum haka kuke yi?”

“Kullum, Baba.”

“In shi kaɗai ne fa?”

“Ba ta tashi.”

Ya ci abinci, ya yi la'asar, ya yi wasa da jikansa. Ni ko tsinke ban haɗa ba, kuma bai ce in haɗa ba. Da ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin zaure, bai dubi kowannenmu ba, ya ce, “Na zo ne in tafi da ita. To amma wa zai ja maka igiya?”

Maigidana ya ɗauki jakarsa ya raka shi tasha. Ni kuwa na zauna a ƙasa kusa da motar, da sauran ɗuminta, na yi kukana mai isata. Da ya dawo ya tarar da ni a nan, ya tsaya yana sosa ƙeya. Daga ƙarshe ya ce mahauta sun ce gobe da wuri za su kawo wuƙaƙe.

Na ce, “Su zo. Ai ina nan.”