Alhaji Mamman Tela da Mutanen Koren Kaya

Ku da kuka zauna da marigayi Alhaji Mamman Tela a Harra ta Gabas a birnin Madina, ba sai na kwatanta muku ƙamewarsa ba. Mutum yana tafiya, ko yana zuba shayi, ko yana tsakiyar zagin wani, da zarar waya ta yi ƙara a aljihunsa sai ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, ido a zare, ko ƙiftawa babu. Sai wayar ta gaji don kanta ta yi shiru, sannan ya sauke ƙafa ya ƙarasa zagin daga inda ya tsaya.

Na taɓa ce masa, "Alhaji, wannan kuma wace irin ibada ce?"

Ya ce, "Idi, kai da ka bar makaranta a aji uku ba za ka gane ba. Sanusi ne ke kira. Wanda ya motsa, an ɗauke shi."

Sanusi ɗansa ne da ke Damagaram, yaro mai hankali, laifinsa ɗaya: yana so ubansa ya dawo gida ya huta. Alhaji kuwa burinsa ɗaya tal a duniya, ya mutu a Madina a rufe shi a Baƙi'a. Shekara da shekaru yana ɗinkin jallabiya a wani ɗan shago a Anbariyya, ido ya yi rauni, sukari ya kumbura masa ƙafa, amma in ka ce masa "gida" sai ya dube ka kamar ka zagi kakarsa.

To ita ƙamewar, a ilmance, daga Koriya ta zo. Ni shaida ne.

Kun tuna wasan nan da ya haukata duniya, wanda ake tara mutanen da rayuwa ta matse, a sa musu koren kaya mai lamba a ƙirji, a ce su yi wasan yara, wanda ya faɗi a harbe shi? Usumanu mai aski, mutumin Cadi, shi ya fara kunna mana a shagonsa bayan La'asar, da rubutun Larabci yana gudu a ƙasa. Alhaji ya shigo ya ga wata ƙatuwar 'yar tsana tana juyo da kai, mutane suna ƙamewa, masu motsi suna zubewa. Ya yi salati ya ce, "A'uzu billahi! A garin Manzo? Wallahi idona ba zai kalli wannan akwatin ba!" Ya ja kujera ya juya wa talabijin baya.

Sai dai kun san shagon aski. Bangon da ya fuskanta madubi ne tun daga sama har ƙasa.

Haka ya kalli wasan nan kaf, kashi bayan kashi, bai karya rantsuwa ba. In Usumanu ya gitta sai ka ji, "Kai Bacade, matsa, ka tare mini bango!" Har gyara yake yi musu. Ya ce wanda ya ɗinka koren kayan nan bai iya wuya ba, kuma aljihun ya karkace. Usumanu ya ce, "Ya shaikh, madubi ne ya juya maka shi." Ya ce, "Madubi ba ya gyara mugun ɗinki, ba ya ɓata mai kyau."

Matsala ta taso ne da muka gane Alhaji bai yarda wasa ake yi ba. A cikin mutanen akwai wani baƙo, ɗan ci-rani, mai ƙarfi, mai ladabi, wanda ubangidansa ya cuce shi. Alhaji ya ɗauke shi ɗan'uwa na jini. "Namu ne," in ji shi. "Dubi yadda yake sunkuyar da kai. Wannan ya san kafili, ubangidan da ke riƙe da takardun baƙo." Ranar da abokinsa ya yaudare shi aka harbe shi, Alhaji bai ci tuwo ba. Washegari ya tari limamin ƙaramin masallacinmu ya ce a yi wa wani bawan Allah sallar gawa ta nesa, ya rasu a Koriya ba wanda ya sallace shi.

Liman ya ce, "Allahu Akbar. Yaya sunansa?"

Alhaji ya ce, "Sunan ya shige mini. Amma na riƙe lambarsa."

Liman ya dube shi, ya dube ni, ya sa takalminsa ya tafi. Alhaji bai haƙura ba. Mutumin da ke jiƙa ganyen shayi ɗaya har sai ruwan ya fito fari tas, shi ne ya sayi dabino mai kyau ya raba a ƙofar masallaci, ladan ga mamaci.

Ana nan sai Usumanu, da ba ya iya ganin zaman lafiya, ya miƙa masa waya. Hoton 'yan wasan ne gaba ɗaya a wurin wani biki, cikin kwat, suna dariya. Ga mamacin Alhaji nan a tsakiya, ya yi ƙiba, ya rungume wanda ya yaudare shi.

Jama'a, ban taɓa ganin fushi irin na ranar ba. "Yana raye? Har da rungumar maci amanar? To dabinona fa?" Nan take ya ɗaga hannu sama a tsakiyar shagon aski ya ce, "Ya Allah, an yi kuskure. Ladan nan a maida shi kan gwaggona Hajara, ita ta mutu da gaske!"

Kuna tsammani ya warke? Ina! Wata rana muna tsaye a Anbariyya sai ga ayarin masu Umara daga can gabashin duniya, duka cikin koren anko, kowa da lamba a wuya, suna bin wani mai tuta zuwa bas. Kafin in ce wani abu Alhaji ya ɗingisa ya cafke hannun wani tsoho daga cikinsu.

"Ya hajj, irja'! Koma! Kada ka shiga motar nan!"

Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya zaci addu'a ake yi masa, ya riƙa cewa "Amin, amin." Sauran suka kewaye Alhaji suna ɗaukar hoto da shi, wata tsohuwa ta cusa masa alewa a aljihu. Bas ta tashi suna ɗaga masa hannu. Ya juyo yana ɓare alewar ya ce, "Idi, ka shaida. Na yi musu gargaɗi."

Daga ƙarshe dai Sanusi ya gaji da wayar da ba a ɗagawa, ya zo Umara da kansa, da tikitin ubansa a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, iƙamarka, takardar zamanka, ta kusa ƙarewa, kafilinka ya ce ba zai sabunta ba. Ƙafarka ga ta nan. Jikokinka ba su san ka ba sai a hoto."

Alhaji ya ce, "Ko a Koriya, da rashin imaninsu, sai an kaɗa ƙuri'a kafin a tafi gida. A tara jama'a."

Aka tara mu a shagon Usumanu. Kafin zaɓe ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ya yi mini alkawarin jallabiyar Salla kyauta. Usumanu kuwa barazana ya sha: in ya kuskura, Alhaji zai faɗa wa duniya awon tumbinsa. Amma duk mun ga ƙafar nan da safe, lokacin da Sanusi ke wanke ta. Da aka ce wa ke son Alhaji ya koma gida, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Ni har biyu na ɗaga.

Ya bi mu da kallo ya girgiza kai. "Haka aka yi wa ɗan'uwana. Aboki ne ya kai shi." Sannan ya ce, "Halas, na yarda. Amma ba a barin Madina ba sallama."

Sanusi ya yi murna, bai san ubansa ba. Aka yi sallama da Ƙuba. Aka yi da Uhudu. Sannan aka shiga bin duk wanda Alhaji ya taɓa yi wa ɗinki, daga Harra har Aƙiƙ, gida-gida, kowane gida sai an sha shayi.

"Baba, bizata tana ƙarewa."

"Saura mai burodi."

"Ai jiya mun je wurinsa."

"Jiya faɗa muka yi. Yau sulhu. Gobe sallama."

Ana gab da tafiya ciwon ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti. Na je dubiya na same shi ya rame, Sanusi na zaune a gefen gado yana riƙe da hannunsa. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Idi, asibitin nan cikin Madina yake, ko mun fita?"

Na ce, "Tsakiyarta, Alhaji."

"Ka tabbata? Kai ba karatu gare ka ba."

Sanusi ya ce, "Cikinta ne, Baba. Ba inda za mu. Na fasa."

Alhaji ya lumshe ido ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka gaya wa jikokina ba gudunsu na yi ba."

Bai kai Juma'a ba. Aka sallace shi a Masallacin Annabi bayan Azahar, sahu iya ganinka, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, daga kowace ƙasa. Sanusi ne a gaban makara har cikin Baƙi'a. Da muka gama zuba ƙasa ya share ido ya ce da ni, "Baba Idi, ya kada ni." Na ce, "Ya kada mu duka, ɗana."

Ya Allah, ga baƙonka nan da ya ƙi tashi daga ƙofar Manzonka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Sanusi. Mu da muka ɗaga hannu ya tafi, ka ba mu wuri kusa da shi. Amin.