Gayyar Latsa Talla

Bakari ƙanin matata ne, kuma da ba don haka ba da tuni na daina ambaton sunansa. Ɗan masunta ne, a bakin kogin Haɗeja ya tashi, amma tun yana ƙarami ƙarnin kifi ke sa shi yatsina fuska. Ya je ya koyo kwamfuta, ya dawo ya buɗe shago kusa da kasuwar kifi, ya maƙala gilashin da ba na magani ba, yana yi wa mutane magana yana kaɗa makullin babur.

Sana'arsa gina wa jama'a shafin intanet, wai kyauta. Ya gina wa dillalan kifi, ya gina wa wata Islamiyya, ya gina wa masu casar shinkafa, har shafi tara. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne akwai wata lambar talla da yake liƙawa a cikin kowane shafi. Lamba ɗaya ce, asusu ɗaya, nasa. Duk wanda ya latsa talla a cikin taran nan, Bakari kamfanin tallar yake biya. Ya ƙi kamun kifi, amma ga shi ya shimfiɗa komar su ɗaya a tafki tara.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinmu a Auyo, kuma ni na kai kaina shagonsa, shafinmu ya shiga cikin taran. Aikin shafinmu ɗaya ne: idan ruwa ya taso daga saman kogi, in rubuta ranar da zai iso mana. Ni na tsaya gaban mutane na ce a daina jiran mai shela, kowa ya duba wayarsa. Har Baba Yakaka, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin kogi da injin ban ruwa guda, ta sa na nuna mata inda ake taɓawa.

Da Bakari ya ga latsawar ba ta yawa, sai ya kira gayya. Gayya sosai, irin ta noma, da kunu da soyayyen kifi. Dangi suka cika zauren gidansu, kowa da waya a hannu, yana zagayawa yana cewa, "Ku latsa, ku sake latsawa, taimakon ɗan'uwa ne." Tsofaffi suna latsawa suna sa masa albarka. Kamfanin ya ga latsa ɗari-ɗari daga unguwa ɗaya cikin awa ɗaya, ya rufe asusun. Da yake lambar ɗaya ce, talla ta ɗauke a shafi tara gaba ɗaya.

Mai hankali da ya tsaya nan. Bakari ya nemo wani kamfani da ba ya tambayar komai, ya kwafi lambarsa ya zuba a shafukan nan duka a rana ɗaya, bai buɗe ko guda ya ga abin da ke fitowa ba.

A makon ne, cikin Agusta, labarin ruwa ya zo. Na rubuta cewa saura kwana uku, kowa ya kwashe abin da ke bakin kogi. Na koma gida hankalina kwance. Ashe duk wanda ya buɗe shafin, kafin ya karanta layi ɗaya sai wayar ta jefa shi shafin caca. Baba Yakaka ta gwada sau uku, ta yi a'uzubillahi, ta kife wayar. Ruwa ya zo ranar da na faɗa, ya ci bukkarta, ya tafi da injin.

Na same shi a shago raina a ɓace. Ko tashi bai yi ba.

"Yaya Bunu, ai ba ni nake zaɓar tallar ba," in ji shi. "Kuma kyauta na yi muku."

Wallahi ban taɓa jin ƙin mutum irin na ranar ba. Darajar yayarsa ce kawai ta riƙe min hannu.

Na je yi wa Baba Yakaka jaje, na tarar da ita tana shanya buhunan da suka jiƙe. Na fara bayanin lamba da kamfani, ta ɗaga min hannu.

"Sakatare, ni ban san wani Bakari ba. Kai ka ce in daina jiran mai shela."

Bakari yana nan, na ji yana gina shafi na goma. Ni kuwa yanzu duk damina babur nake hawa, ƙauye-ƙauye, ina shelar ruwa da bakina. Idan na iso ƙofar Baba Yakaka na faɗa, sai ta leƙa gidan maƙwabta ta tambaya ko gaskiya ne.