Ranar da Injin Tafki Ya Ƙi Jan Ruwa

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfin sana'ata!

Kun san ni ke kula da injin tafkin wankan Turawan auduga a nan Funtuwa. Da safe na tayar da shi, sai ƙugi yake, ba ya jan ruwa. Na cika shi da ruwa, ya zurare. Na sake, ya zurare! Na ɗaure mahaɗai ko iska ke shiga. Shiru.

Ga baƙi za su zo da azahar. Manaja ya aiko kuku: "Malam Sule, in bai tashi ba, ka nemi wani aikin."

Gumi ya karyo mini. Na kwance bututun da ke jawo ruwa daga tafkin, na cusa hannu. Wani abu ya kama yatsana! Na fizgo. Haƙoran mutum, jere guda, sun tokare murfin da ke riƙe ruwa!

Baba Audu mai gadi ya yar da sandarsa. "Innalillahi! Injin nan ya ci mutum!"

Sai ga manaja, fuska ja wur. Ya karɓa, ya ɗauraye su, ya jefa a bakinsa. Wallahi haƙoran robarsa ne, sun faɗo masa yana wanka!

Ya ce, "Tayar da inji, Sule."

Bugu ɗaya ya ja ruwa.