Rumfar Babani

Ni na kai ƙarar Babani wajen mai gidan hayarmu, kuma a lokacin ko kunya ban ji ba.

Shekara ashirin da biyu muna gidan haya ɗaya a unguwar Adjamé Liberté. Daga Tahoua Babani ya zo yana saurayi, ya yi dako a tasha, ya yi gyaran rediyo. Da sola ta cika gari sai ya koma bin shagunan unguwar Treichville da baro yana kwaso matattun farantan solar da aka yar. Wayoyin jiki yake zarewa ya sayar, gilashin kuwa ba ya yarda a fasa. Wai akwai dalma a ciki, in aka watsar a kwata ruwan sama zai kai ta lagun, tafkin da ake kamun kifi, mu ci abarmu a kifi. Muna yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

Haka farantan suka taru a tsakar gida har talatin da ɗaya, babu wurin shanya. Ranar da ɗaya ya yage mini zanen biki, ban zame ko'ina ba sai Belleville, unguwar da mai gidan take zaune. Hajiya Ummul-Khairi mai gidan ta ce nan da Juma'a ko tarkacen su fita ko shi ya fita. Na dawo ina ƙafafa. Amma da na ga matarsa Zuwaira tana ɗaure kwanukanta a buhu, sai na shige ɗaki na kasa haɗa ido da ita.

 Babani kuwa ya ari tsani, ya sayo katako, kwana uku yana ƙwanƙwasa.

Ran Juma'a Hajiya ta iso ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta tarar da mu mata shida muna girki a bushe, a wurin da kullum muke gudu da murhu. Matattun farantan nan Babani ya jera ya yi mana rumfa.

Ta daɗe tana kallon sama tana neman inda yake ɗiga, ba ta samu ba.

"Babani, saura nawa ba ka ɗora ba?"

"Tara, Hajiya."

"To gobe ka kai su Belleville. Nawa madafin ma yoyo yake."

Ni na kwance wa Zuwaira buhun da hannuna, ina dariya ina share hawaye. Miyar da na fara zubawa a ƙarƙashin rumfar, ƙofar Babani na kai ta.