Gara a Akwatin Baffa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Dakta Hammadu, wanda muke kira Baffa, kuma ban taɓa tuna shi gabana ya faɗi ba sai bana.

Daga karatun zaure ya fara. Ya sauke nahawu da adabin Larabci na dā, sannan ya shiga jami'a, ya koyar da tarihi har ya yi ritaya. Littattafansa biyu aka buga. Na ukun bai gama ba: tarihin zaman Fulani da Tera da Tangale, wanda ya tattaro daga tsofaffin takardu da bakin dattawa. Ya taɓa hawa babur har Kwadon sau uku don tabbatar da sunan rijiya ɗaya.

Watan jiya maƙwabciyarmu a Tudun Wada, Maman Rahila, wadda ta goye ni ina jaririya, ta miƙo mini wayarta. Hoton Baffa ne, an rubuta a ƙasansa wai ya ce mutanen su Maman Rahila baƙi ne a ƙasar nan, su koma inda suka fito.

"A'i, Baba ya faɗi haka?"

Na rantse mata bai faɗa ba, na shiga ɗakinsa in ɗauko shaida daga akwatin takardunsa. Gindin akwatin ya yi tsatsa, gara ta shiga ta cinye fiye da rabin takardun. Abin da ya tsira da ajamin Fulatanci yake, ba mai iya karanta shi a gidanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa 'ya'yansa mu muka bar shi ya tsage.

Me zai ce da ya ga wannan zamani? Yakan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ina tsoron ta yanzu tana yi. Saƙon ya zaga gari, zaɓe yana matsowa, na kuma ji masu keke suna maimaita shi da sunansa.

Mutum ɗaya ya rage da ya san hannun Baffa: ɗalibinsa na farko, Malam Buba na Bolari. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Kullum da hantsi nakan kai masa shafi guda, ya kanga shi a hasken rana yana karantawa, ina rubutawa da boko.

Digiri da lambobin yabo suna nan a bango, ba su kare shi da komai ba. Abin da zai saura na Baffa shi ne iyakar abin da idon tsohon nan ya kai. Duk sanda na kama hanyar Bolari, roƙona ɗaya ne: in tarar da shi zaune a ƙofar gida.