Rabin Barandar Inna

Inna ba ta taɓa jiƙa barandar asibitinmu gaba ɗaya ba. Rabi take gogewa, tun daga ƙofar shiga har ɗakin magani, ta bar ɓangaren bango, inda ƙarfen da ake riƙewa a yi tafiya yake. Sai rabin farko ya bushe ta dawo ta yi na biyun. Daga tagar ɗakin kati, inda nake aiki, na daɗe ina kallonta kafin na gane dalili. Don masu dogara sanda take yi, da masu ciki, da tsofaffin da ke jan ƙafa. Kullum akwai busasshiyar hanya.

Shekara goma sha tara tana wannan aikin. Mijinta direba ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da bokiti da tsumma ta raine su. Babbar yanzu malamar makaranta ce. Komai aka yi wa Inna sai ta gode. Ka ɗaga ƙafa ta goge ƙarƙashin kujerarka, ita ce mai cewa, "Na gode, ɗan nan."

Mai gadi yakan tsokane ta: "Inna, ke ko sauro ne ya cije ki, godiya za ki yi masa."

Ta ce, "Ai ya fi ka amfani. Shi ko ba komai ba ya barci a bakin aiki."

Sai aka kawo mana sabon shugaban ma'aikata. Mai Agogo muke ce masa, don ba ya gama gaisuwa bai duba hannunsa ba. Ran Litinin ya tarar da baranda rabi jiƙe, rabi da sawun takalma.

"Wannan wane irin ha'inci ne? Rabin aiki?"

"Ranka ya daɗe, sauran na nan zuwa."

"Aikin minti ashirin kin mai da shi awa guda. Daga gobe a goge duka lokaci ɗaya, ko a ba wata."

"To, na gode."

Bai tambaye ta dalili ba. Ko sau ɗaya. Washegari Inna ta goge rabi. Ran Laraba ma haka.

Ran Alhamis ya tara mu, ya karanto takarda: taurin kai, jinkiri, ƙin bin umarni. A ɗakin akwai nas ɗin da Inna ta goya mata jariri wata uku, akwai mai ba da magani da take ajiye wa ruwan alwala kullum. Kowa ya zuba wa takalminsa ido. Sai na miƙe.

"Yallaɓai, don marasa lafiya take yi. Kada su zame."

"Wa ya taɓa zamewa a nan?"

Na ce, "Babu."

"To, kin gani."

Har yau in na tuna kalmar nan raina ɓaci yake. Shekara goma sha tara ba wanda ya faɗi saboda ita, kuma wai wannan ce hujjar cewa ɓata lokaci take yi! Aka ce Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Da ya miƙa mata takardar, hannu biyu ta sa ta karɓa, ta ce ta gode.

Na bi Inna zuwa bakin famfo na bayan gini.

"Haba Inna! Har shi za ki gode wa?"

Ta yi dariya tana matse tsumma. "Shi kuma wa? Allah nake gode wa, 'yar nan. Tun da na zo ba wanda ya karye a kan ruwana. Kin san daɗin wannan? Barci nake har da minshari. In na jiƙa duka, wata mai ciki ta faɗi, wane agogo ne zai tashe ta?" Ta dube ni. "Ke kuma ashe kina da murya. Na gode."

Ban ji sanyi ba, kuma ba na so in ji. Godiyar Inna ta sa ta fi kowa a ginin nan kwanciyar rai, amma ba ta wanke mu ba, ba ta wanke shi ba.

Ran Juma'a wadda za ta gaje ta ta zo koyon aiki. Inna ta kama hannunta ta kai ta tsakiyar baranda, ta ja layi da ƙafa. "Daga nan za ki fara, ƙanwata. Wancan ki bar wa masu tafiya." Sannan ta ɗauraye tsummanta, ta shanya a kan waya, ta kife bokiti.